Tseren keke daga Katsina zuwa Daura: yaran nan za su iya, ko mu rage?

Mai Shiri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin mu kai takarda wurin bugawa. Kun dai ga yadda yara masu hawan keke mai giya, irin na hawan dutse, suka yawaita a garin nan. Ranar Asabar da sassafe in ka bi hanyar Dutsin-Ma ko ta Ajiwa sai ka gan su garke-garke. Wani bawan Allah ɗan kasuwa ya ce zai sa kuɗinsa mu haɗa masu gasa. Abin da muka zauna muka tsara shi ne tsere babba guda ɗaya daga Katsina zuwa Daura, ba ta kwalta ba, ta hanyoyin ƙauye, a ƙare kusa da rijiyar Kusugu. Kafin ranar kuma, ƙananan tsere duk Asabar don su saba. Shekaru daga 13 zuwa 18. Me kuka gani?

Ɗan Daura: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa mai kuɗin nan da alheri. Ni dai na goyi baya ɗari bisa ɗari, kuma tarbar da za mu yi maku a Daura sai kun ba da labari. A fara kawai.

Koci: Wa alaikumus salam Malam. Madalla da niyya. Amma kafin a buga takarda, kilomita nawa ne hanyar da kuka zaɓa, kuma wa ya bi ta da keke ya duba agogo?

Mai Shiri: Ta kwalta kusan 80 ne, Koci. Ta ƙauye zai ɗan ɗara. Da mashin muka bi, ba da keke ba.

Koci: To nan gizo ke saƙa. Mashin ba ya gaya maka abin da rairayi ke yi wa cinya. Ni da yaran da nake fita da su, a hanyar da ta haɗa yashi da burji da tsallaken rafi, in yaro ɗan shekara 14 ya ci kilomita 12 ko 13 cikin awa ɗaya ya yi ƙoƙari. Ku raba 80 da wannan. Awa shida ke nan, in taya ba ta yi faci ba, in bai ɓata hanya ba. An tashi ƙarfe bakwai, sai bayan azahar zai ga Daura, rana tana tsakiyar kansa.

Bari in faɗi yadda masu abin suke yi, tunda ba mu muka ƙirƙiro wasan ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda ke garin Aigle a Suwizalan, ba da kilomita take auna tseren daji irin na Olamfik ba, da lokaci take aunawa. Ana shata zagaye ɗaya wanda bai wuce kilomita 6 ba, a yi ta kewaya shi. 'Yan shekara 17 da 18 an yanka masu awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata. Manya ƙwararru, waɗanda da keken suke ci suke sha, awa ɗaya da minti 20 zuwa da minti 40. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Tom Pidcock na Ingila ya ci zinare cikin awa ɗaya da minti 26. Mutumin da ya fi kowa a duniya ranar nan ke nan, bai cika awa ɗaya da rabi a kan sirdi ba. Mu kuma za mu ɗora wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare awa shida?

Dogon tsere yana nan, suna da shi, mai kilomita 60 zuwa 160. Amma dokarsu ta ce sai wanda ya kai shekara 19. Tseren Katsina zuwa Daura ya faɗa cikin wannan rukuni sak. Ba ni ke hana yara ba, su da suka shekara da shekaru suna ganin abin da yake yi wa jiki su suka sa ƙa'idar.

Ɗan Daura: Koci, ina girmama iliminka, amma kullum sai a kawo mana dokar Turawa. Yaran can a mota ake kai su makaranta. Namu fa? Ka zo hanyar Sandamu ko Mai'adua ranar kasuwa ka ga yaro ɗan shekara 12 ya ɗauro jarka huɗu ko buhun gero a bayan keke, ya taho daga ƙauye ya koma, ba giya ba komai. Ni kaina ina ɗan 15 na sha zuwa Zango da keke in dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka raino su da tseren minti talatin yaushe za su yi ƙwari?

Baba Mai Faci: Ɗana na Daura, bari in sa baki, don shekarata ta fi talatin ina zaune gindin bishiya ina gyaran keke. Yaron da ka ce yana ɗauko gero, gaskiya ne, ina ganinsu kullum. Amma ka lura da tafiyarsa. In ya zo yashi sauka yake ya tura. In ya ga inuwa ya tsaya. In ya ga rijiya ko famfo ya sha. Ba wanda ke bayansa yana neman wuce shi, ba kuɗi a gabansa. Wannan tafiya ce. Tsere kuwa yaro ba ya tsayawa ko da jikinsa ya ce tsaya, don kunya da zuciya. Kada a haɗa su.

Sannan ku duba kekunan. Yawancin na yaran nan gwanjo ne, an sayo su da tsohuwar sarƙa da birkin da robarsa ta cinye. Ina ɗaure masu da abin da ya samu. Keken da zai yi awa ɗaya lafiya ba lallai ya yi shida ba. Ga ƙaya. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba ta san tsere ake ba. Yaro 40 a hanyar daji mai tsawon nan, ni na san aƙalla rabinsu sai sun yi faci, wani sau biyu. Wa zai tsaya masu a tsakanin ƙauyuka? Ni ɗaya ne da almajirina.

Ɗan Daura: Baba, maganarka ta faci na karɓa. Amma ta ƙwari ina nan kan bakana.

Baban Yaro: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, karatu nake, amma wannan ta taɓa ni. Bara cikin watan Afrilu yarona, yana da shekara 14 lokacin, ya bi wasu manyan samari suka yi doguwar tafiya. Ba gasa ce ta hukuma ba, a tsakaninsu ne suka ce wa zai riga dawowa. Ya fita da gora ɗaya ta ruwa da biredi. Wajen la'asar aka kira ni. Da na isa na same shi kwance a rumfar wani mai shayi, an zuba mashi ruwa a ka, leɓensa ya bushe ya yi fari, gishiri ya kwanta a wuyan rigarsa kamar an barbaɗa gari. Na kira sunansa ya dube ni, sai ya tambaye ni ko an tashi daga makaranta. Ranar Asabar ce. Wallahi ƙafata sai da ta kasa ɗaukata. Ledar ruwa biyu aka ƙara mashi a asibiti, muka kwana.

Abin da ya fi damuna, da ya warware na tambaye shi me ya hana shi tsayawa, sai ya ce, "Baba, kowa yana tafiya." Shi ke nan amsarsa. Yaron yana da ƙarfi, ya fi sa'o'insa gudu, shi ya sa ma manyan suka ja shi. Ƙarfin ne ya kai shi inda hankalinsa bai kai ba. Ban hana shi keke ba, har yanzu yana hawa, ni nake saya mashi taya. Amma in tseren Daura ne da 'yan 13 a ciki, ban sa hannu ba.

Mai Shiri: Subhanallahi. Allah ya ƙara mashi lafiya Alhaji. Ban san da wannan ba.

Malamar Jinya: Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Abin da ka gani, wato yaro ya rikice bai san ranar da ake ciki ba, ita ce alamar da muka fi tsoro. In zafi ya kai ga taɓa hankali, ba maganar a ba shi ruwa ya huta ba ce, a sanyaya jikinsa nan take da duk ruwan da aka samu, a yi fifita, a nufi asibiti. Mai shayin nan da ya zuba mashi ruwa ya yi babban taimako.

Ina so in amsa wa ɗan'uwanmu na Daura kan ƙwari, don tambayarsa tana da tushe. Jikin yaro mai tasowa ba ƙaramin jikin babba ba ne. A bakin dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsi, ta nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma wurin bai ƙeƙashe ba sai ya gama girma. Maza galibi wajen 13 zuwa 14 suke yin tsawon nan na farat ɗaya, mata kuma tun wajen 11 zuwa 12. A lokacin ƙashi yana riga jijiya tsawo, sai jijiyar ta ɗaure tana jan inda ta manne. Shi ya sa za ka ga yaro yana nuna ƙasan ƙoƙon gwiwarsa yana cewa nan ke ciwo, har wurin ya ɗan tasa kamar ƙulli. Likitoci suna ce wa wannan Osgood-Schlatter. Yawan maimaita aiki ɗaya ba hutu shi ke tayar da shi. Iyaye sai su kai wa mai ɗori, alhali ba targaɗe ba ne, hutu yake so da rage aiki.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe da ba da shawara a kan haka: kwana ɗaya ko biyu na hutu a kowane mako, wata biyu zuwa uku a shekara yaro ya ajiye wasan da ya fi yi ya taɓa wani, kuma kada a ƙara yawan atisaye fiye da kashi 10 cikin 100 daga mako zuwa mako. Barci kuma awa 8 zuwa 10 ga ɗan 13 zuwa 18. Ku auna da yaronmu da ke tashi asuba, ya je boko, ya dawo ya je Islamiyya, da dare ya tsaya shago. A ina tseren duk Asabar zai shiga?

Abu biyu kuma da namu ne, ba na littafin kowa ba. Na ɗaya zazzaɓin cizon sauro: yaron da ya tashi daga zazzaɓi makon nan kada ya shiga tsere, ko ya rantse ya warke, don jininsa bai dawo ba. Na biyu sikila. A san rukunin jinin kowane yaro kafin a rubuta sunansa. Mai SS ba a maganar tsere sai da izinin likitansa. Mai AS yana wasa lafiya, amma matsanancin wahala da zafi da ƙishirwa in suka haɗu suna iya kayar da shi, don haka ya kamata masu kula su san shi.

Autan Zaure: Salamu alaikum iyayena. Ni ina cikin yaran da ake magana a kai, shekarata 16. Ku yi haƙuri in faɗi nawa. Mu fa tseren Daura shi muke ta jira. Tun da aka fara raɗe-raɗinsa kullum sai mun fita. Zagaye a fili ɗaya kamar ba tsere ba ne, ba inda ka je. Kuma a gajeren tsere mai sabon keke shi ke ci, mu masu tsofaffi sai a doguwar hanya muke kamo su in sun gaji. In aka ce minti 40 an gama da mu.

Koci: Auta, na ji daɗi da ka yi magana, kuma ba raina ku ake ba. Zan tambaye ka abu ɗaya. Ka taɓa yin minti 40 kana bugawa da iyakar ƙarfinka, ba ka saki feda ba, ana hawa tudu ana gangarowa kan duwatsu, ana shiga yashi ana fita? Ba irin fitar da kuke yi kuna hira ba. Ka zo ranar Asabar in shata maka zagaye, in ka gama ka gaya wa zauren nan ko wasa ne.

Maganar sabon keke kuma, akasin abin da kake zato ne. A doguwar hanya miƙaƙƙiya keke mara nauyi shi ke cin riba awa bayan awa. A zagaye mai kwana da gargada da gangare, hannu ne ke ci: wanda ya san lokacin taka birki, ya san giyar da zai shiga yashi da ita, ya san ɗaga gaban keke ya tsallake rami. Wannan kuwa yanzu ne lokacin koyonsa. Juriyar doguwar tafiya tana nan tana jiranka, kana ɗan 25 ma za ka ƙara ta. Amma hannun da ba a koya ba a 14 da 15 da wuya ya zauna daga baya. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu, wanda ya ci tagulla a Faris kuma ya zama zakaran duniya a shekarar 2024 ɗin, a irin wannan zagayen ya ci, ba a tafiyar gari zuwa gari ba.

Autan Zaure: To Koci zan zo. Amma Daurar fa, shi ke nan an fasa?

Malamin Sakandare: Kafin a amsa wa Auta, ni matsalata ba tsawon ba ce kaɗai, yawan ne. Duk Asabar! Malam Mai Shiri, ni nake ganinsu ranar Litinin. Yaron da ya yi gasa ranar Asabar, Lahadi yana jinyar jiki, Litinin yana gyangyaɗi a aji, Laraba ya fara tunanin Asabar mai zuwa. Ba ranar da zai koyi wani abu sabo a kan keken ma, balle a littafi. Gasa gwaji ce, kamar jarrabawa. Wace makaranta ce ke jarrabawa kullum ba darasi?

A Amurka akwai ƙungiyar tseren keken daji ta 'yan makaranta, NICA, da aka kafa a 2009. Kakarsu 'yan watanni ce, gasa kaɗan a cikinta, sauran kwanakin duk koyo ne tare da masu horarwa, kuma an raba yara aji-aji, ƙanana suna yin zagaye kaɗan, manya su ƙara. Wannan tsarin ya fi kama da abin da za mu iya.

Mu dubi kalandarmu. Maris zuwa Mayu zafi ne, ana wuce digiri 40 a Katsina, ba mai hankalin da zai sa yara tsere. Mayu zuwa Yuli 'yan aji shida suna WAEC da NECO. Damina hanyoyin nan duk sun ratsa gonaki, ba manomin da zai yarda keke 40 su bi mashi ta cikin gero, kuma yaran da yawa suna gona. Abin da ya rage shi ne bayan an kawar da amfani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Azumi kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu ya fara cin ƙarshen sanyin, kuma ba a tsere da azumi a baki. In aka sa mako uku tsakanin gasa da gasa, biyar za a samu, in an matsa shida. Ni a ganina ya isa.

Hajiya: Malam ya faɗi abin da ke raina. Ni uwa ce, biyu nake da su a cikin masu hawan. Ku ƙara da ƙura. Ranar da hazo ya sauka sosai har ba ka hango ƙarshen layi, ƙaramin nawa kwana yake yana tari. A rubuta cikin takardar cewa in hazo ya yi yawa an ɗaga, kada a ce ai an riga an kafa rumfa. Kuma abinci: yaro ya ci wani abu awa biyu kafin a tashi, ko koko da ƙosai ne, kada ya fito da cikin jiya.

Sannan zagayen nan da Koci ke faɗa ya fi kwanta mani don dalili ɗaya: ina iya tsayawa wuri ɗaya in ga ɗana ya wuce sau uku ko huɗu. In ya yi laushi zan gani a fuskarsa. A hanyar Daura kuwa daga an ce "ku tafi" sai addu'a. Kuma kowa ya san halin da ake ciki na tsaro a jihar nan, ko da yake gabas, ɓangaren Daura, da sauƙi, ba na son yara su watsu ɗai-ɗai a daji tsawon yini.

Baba Mai Faci: Hajiya, ni ma zagayen ya fi mani. In kafa bencina wuri ɗaya da famfo da gam, duk wanda ya yi faci ya turo ya same ni.

Mai Shiri: Na ji duka, kuma ba zan ɓoye maku ba, jikina ya yi sanyi da maganar Alhaji. Amma ku taya ni duba ɓangarena. Mai kuɗin nan abin da ya burge shi shi ne sunan, Katsina zuwa Daura. Kuma yana son duk mako a ga rigunan da ya ɗinka. In na koma na ce mashi zagaye ne a bayan gari sau biyar a shekara, ina tsoron ya janye. Kuma ya ware kuɗi mai kauri ga na ɗaya.

Koci: Kuɗi mai kaurin nan ma ina da magana a kansa, kuma ita ce ta fi tsaya mani a rai tun ɗazu. Mu faɗa wa juna gaskiya, mun san garinmu. Ka haɗa doguwar hanya da babban kuɗi da yara matasa, me kake zaton wani zai kawo masu a aljihu? Tramol. Wani babban yaro zai ce haɗiyi wannan ba za ka ji gajiya ba. Kuma ba zai ji ba ɗin, har ya faɗi. Ba a nan kaɗai ba ne: UCI ta haramta shi a gasa tun 2019, saboda yana ɓoye ciwo yana kawo jiri, mahaya suna faɗuwa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ita ma ta sa shi cikin haramtattu daga farkon 2024. Su suna da ɗakin gwaji. Mu ba mu da shi. Abin da muke da shi kawai shi ne mu tsara tseren da yaro zai iya gamawa da ƙarfin tuwonsa, kuma kyautar kada ta kai wadda za a sayar da lafiya a kanta. A ba su taya, sarƙa, hular kwano, kuɗin rajistar jarrabawa. A raba wa mutum goma maimakon a tara wa ɗaya.

Na biyu, babban kuɗi shi ke kawo rage shekaru. Za ka ga mai gemu ya aske ya ce 16 gare shi. A nemi takardar haihuwa ko ta makaranta. Lissafin UCI mai sauƙi ne: shekarar da ake ciki a cire shekarar haihuwa, ba ruwansu da wata.

Malamar Jinya: Koci, Allah ya biya ka da ka fito da maganar ƙwayar nan. Har da lemukan gwangwanin nan masu sa kuzari da yara ke sha biyu uku kafin wasa. Ruwa ya fi masu, in an daɗe ana zufa a haɗa da ruwan gishiri da sukari.

Ɗan Daura: Maganar tramol ta kashe mani baki, don na san gaskiya ce. To amma kada a kashe hanyar Daura gaba ɗaya. Ku ba manya ita mana, tunda kun ce daga 19. Akwai samari a nan da Mashi da Mani da za su shiga. Mai kuɗi ya samu sunan da yake so.

Koci: Wannan na yarda. Manya daga 19, cikin Disamba ko Janairu, a tashi da an sallame asuba gari ya waye, mota a gaba mota a baya, wurin ruwa a ƙauyukan hanya.

Na yara kuma ga abin da nake ba da shawara, ra'ayina ne daga abin da na gani a fili, a gyara mani. Zagaye na kilomita 3 zuwa 4. 'Yan 13 da 14 minti 25 zuwa 30. 'Yan 15 da 16 minti 40 zuwa 45. 'Yan 17 da 18 awa ɗaya, kada ta wuce da kwata. Da na gaba ya gama, kowa ya ƙarasa zagayen da yake ciki a tsaya, ba a barin na baya yana ta wahala shi kaɗai don a ce ya cika adadi. Wanda ya fara hawa bana, ko shekarunsa nawa, ya fara da rukunin ƙasa da nasa. Ba hular kwano, ba shiga.

Malamin Sakandare: Ni minti 45 ɗin 'yan 15 ya ɗan yi mani yawa a gasar farko. A fara da 35, in an ga yadda suka gama a ƙara a ta biyu.

Koci: Ban ƙi ba Malam. Ragewa a farko ba ta taɓa cutar da kowa ba.

Autan Zaure: Mu 'yan 16 ko rakiya ba za mu yi wa manyan ba?

Baban Yaro: Auta, ni zan roƙar maku wannan. In ba tsere ba ne, ba kyauta, ba wanda ya riga wani, a haɗa ku rana daban ku tafi tare, babba a gaba wanda ba a wuce shi, babba a baya, ku tsaya ku ci abinci a hanya, wanda ya gaji ya hau mota ba gori. In haka ne ni da kaina zan kawo motata, kuma nawa yaron zai bi ku iya inda ya iya.

Malamar Jinya: Da sharaɗin sun yi makonni suna ƙara nisa kaɗan-kaɗan kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa wuce kilomita 20 ba kada ya tashi da 80.

Ɗan Daura: Ku kawo su, fura da nono tana wuyana. Amma Malam, sau biyar a shekara har yanzu ina ganin ya yi kaɗan. Yaran za su huce.

Malamin Sakandare: Ba za su huce ba in ana fita da su koyo duk mako. Fita daban, gasa daban. Rigunan mai kuɗi ma za a gan su duk Asabar ɗin a wurin koyo.

Hajiya: Akwai 'yan mata biyu a layinmu da ke hawan na yayyensu cikin gida, iyayensu sun tambaye ni ko akwai nasu. Ban san me zan ce masu ba.

Mai Shiri: Hajiya, wannan sai mun zauna da ke da Malama daban, don wuri da lokaci da masu kula duk sai an duba, kada in yi alkawarin da ban shirya ba. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin mai kuɗin da abu uku: na manya zuwa Daura, zagayen yara sau biyar, da tafiyar rakiya. In ya ƙi na yaran zan dawo in faɗa maku mu san yadda za mu yi karo-karo. Koci, ina ka ga za a shata zagayen?

Koci: Akwai wani fako da na sani ta wajen Ajiwa, yana da tudu da 'yan duwatsu da guntun yashi, amma gonar mutane ce ta kewaye shi, sai an nemi izinin mai unguwa da masu gonakin. Ranar Asabar bayan asuba mu haɗu mu je mu gani. Auta, ka zo da kekenka da gora biyu, kai za ka zagaya ina riƙe da agogo. Baba, a taho da famfo.

Baba Mai Faci: Zan zo. Auta, ka biyo ta wurina ranar Juma'a da yamma in duba maka birkin baya, na ga robar ta kusa ƙarewa.